Munduwata da Bakin Atika

Shekarar da ɗana Ma'azu ya biya mani kujerar Makka, babu gidan da ban shiga bankwana ba a Illo, tun tafiyar tana da sauran nisa. Wasu gidajen ma na koma, don karon farko ban samo labarin da ya kai ni ba.

Sai aka kira mu maniyyata Bagudo, a yi mana allurar rigakafi. A damtsen dama aka soka mani. Ban ko ji ba, hankalina yana wurin wata 'yar garin Bahindi da ke ba da labarin surukarta. Na dawo gida lafiya lau. Bayan 'yan kwanaki sai wuyan hannun ya ɗauki zafi, ya kumbura, ya yi sumul kamar an hura shi. Ko tsintsiya ban iya riƙewa.

Ga kuma munduwa. Ta azurfa ce mai kauri, tun ina budurwa wani maƙerin Madekali, can ƙetaren iyaka cikin Benin, ya matse mani ita a hannu. Lokacin ina siririya. Tun ranar ba ta taɓa fita ba. To yanzu nama ya taso gaba da baya, ita ta nutse a tsakiya.

Tsorona ɗaya ne. Kafin a tashi likita zai sake duba mu, kuma na ji mata na cewa wanda aka samu da ciwo ajiye shi ake yi sai baɗi. Ni da shekarun nan nawa, wa ya yi mani alkawarin baɗi? Sai na zura dogon hijabi na ɓoye hannu, ina shafa man kaɗe a ɓoye. Ko Ma'azu ban gaya wa ba.

Atika ce ta kama ni. Taubashiyata ce, kuma in ana zancen baki a garin nan, ni da ita ake ƙirgawa. Ta shigo ta tarar ina fama da tuwo da cokali.

"Dela, yaushe kinka zama matar gwamna?"

Na ce koyo nake, an ce cikin jirgi da cokali ake ci. Sai ta kai hannu ta yaye hijabin. Tana ganin kumburin ta saki salati. Na haɗa ta da Allah da zumunci kada ta faɗa wa kowa. Ta ce to. Ni kuwa na san irin wannan to ɗin, shi nake yi wa mutane.

Washegari kasuwar Lolo ke ci. Kafin azahar masu kifi sun ji, masu albasa sun ji, 'yan Benin da suka ƙetaro da kaya sun ji. A wani layin hannun ya ruɓe, a wani har an yanke. Ina zaune ina shirya abin da zan yi wa Atika, sai ga Firdausi, ma'aikaciyar asibitin garinmu, Ma'azu na bayanta fuska a murtuke. Ashe mahaifiyarta ce ta kawo mata zancen daga kasuwa.

Yarinyar nan ta durƙusa ta gaishe ni, ta karɓi hannun a hankali. Ta latsa yatsuna tana tambaya ko ina ji. Wasu ina ji, wasu kamar na aro. Ta ce gaɓar ce ta kumbura, akan samu wanda jikinsa ke yin haka bayan allura, ba kasafai ba, kuma yakan sauka da magani.

"Inna, ba kumburin ne ya tayar mani da hankali ba. Wannan ƙarfen ya tare jini. Yau ɗin nan zai fita."

Matsalar, babu abin buɗe shi a wurinsu. Ma'azu ya miƙe zai nemo mai walda, sai muka ji sallama. Wani dattijo ne da jakar fata, wai shi Cindo, ɗan maƙerin nan na Madekali. A rumfarsa ta Lolo labarin ya same shi, cewa aikin babansa zai cinye hannun wata tsohuwa. Ya ce ba zai iya ƙetarawa gida da wannan magana a kunne ba.

Firdausi ta shafa mai, ta cusa kyalle ƙarƙashin munduwar don kada ta yanke ni. Cindo ya kama baki biyun munduwar da awartaki, yana buɗawa kaɗan-kaɗan yana yi mani hira da Dandanci, yarenmu na nan bakin iyaka, don in manta. Ban manta ba. Na kira sunan duk wanda na sani, rayayye da matacce. Da ta fita sai na ji jini na sauka yatsuna kamar tururuwa. Cindo ya goge ta da bakin rigarsa ya miƙo mani, ya ƙi ko tsayawa shan ruwa, wai kada duhu ya same shi a hanya.

Firdausi ta ba ni ƙwayoyi, ta naɗe hannun, tana leƙo ni har ya saɓe. Ta ce da na ƙara ɓoyewa, da yatsun ma sai abin da Allah ya yi.

Ranar duba maniyyata, tun likita bai tambaya ba na zayyane masa komai, har da labarin surukar 'yar Bahindi. Ya juya hannun, ya ce in dunƙule, in buɗe. Ya ce Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya, in wuce. A bakin ƙofa na zauna na yi kukana, ina sa wa Firdausi da Cindo albarka.

Da na dawo Illo daga wurin likitan, gidan Atika na fara sauka. Na ce mata amana dai ba ta da ita, amma Allah ya bar mata bakin nan nata, ta faɗi tsarabar da take so.

"Mi zan yi da dabino, ni da ba haƙora? Ki dai buɗe ido cikin matan da za ku tahi. Wadda ta yi faɗa, wadda ta ɓace, wadda ta yi amai cikin jirgi, duk ki riƙo mani."

Na ce mata wannan ko ba ta roƙa ba.