Ɗaliban da Shamsu Bai Sani Ba

Su uku ne mataimakan Furofesa Abdulmutallib a darasin iya magana gaban jama'a, a wata makarantar koyon aikin sadarwa da ke bakin Sabon Gari a Maraɗi. Furofesan a Yamai yake zaune, sai jefi-jefi yake zuwa, don haka aikin yau da kullum yana hannunsu. An raba ɗaliban gurup uku. Tahira tana da nata, Yo'el da ke zuwa daga Tsibiri a kan babur yana da nasa, sai kuma Shamsu, wanda ban da gurup ɗinsa shi aka ɗora a kan tsara aikin duka. Duk Litinin sukan zauna a biro, wato ofis, su daidaita darasin mako, don kada wani gurup ya wuce wani. Idan jarrabawa ta zo, ba wanda ke ba nasa maki, musanya ake yi.

Shamsu ya iya magana, wannan ko Tahira ba ta musunta ba. Shi ake ɗauka ya jagoranci bukukuwan aure da tarukan ƙungiyoyi a otal-otal na gari, kuma idan ya riƙe makirufo sai ka rantse da shi aka haife shi. Matsalarsa ɗaya, ba ya son a gyara masa. Wata rana Furofesa yana nan, Shamsu ya bayyana wata ƙa'ida ta shirya jawabi a baibai, Tahira ta gyara masa cikin ladabi. Furofesa ya ce, "Gaskiyar Malama ce." Shamsu ya yi murmushi, har ya yi mata godiya. Ita ta manta da zancen tun kafin la'asar.

Da jarrabawar tsakiyar zango ta matso, suka tsayar da cewa kowane ɗalibi zai yi jawabin bayani a kan wani abu da ya sani. Daga baya Furofesa ya bugo wa Shamsu waya ya ce a mayar da shi jawabin jan ra'ayi, wato ɗalibi ya ɗauki matsayi ya kare shi. Shamsu ya gaya wa Yo'el, ya kuma gaya wa ɗaliban gurup ɗinsa. Tahira kuwa bai ce mata komai ba, kuma shi ne zai ba gurup ɗinta maki.

Ranar jarrabawar ɗalibanta suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya da abin da suka shirya, shi kuma yana katse su.

"Ina matsayinka? Wa kake son jawowa? Zauna."

Sai aka zo kan Tsahara. Matar aure ce daga Jiratawa, ta girmi sauran ɗaliban, kullum a kan kabu-kabu, babur ɗin haya, take zuwa bayan ta sallami 'ya'yanta. Burinta ta riƙa gabatar da shirin manoma a rediyo. Tahira ta sha wahala kafin ta sa ta daina kallon ƙasa idan tana magana. Tsahara ta fara bayani a kan yadda ake busar da zogale, Faransancinta yana ɗan tuntuɓe amma tana tafiya. Shamsu ya bari ta yi nisa, sannan ya miƙe, ya kama ƙugu, ya maimaita jimlarta da irin muryarta da irin lafazinta. Ajin ya fashe da dariya.

"Madam, nan ba bakin rijiya ba ne," in ji shi. "Huɗu bisa ashirin. Don nisan hanya na ba ki."

Tsahara ta tattara jakarta ta fita. Ba ta yi kuka ba sai da ta kai bakin ƙofar makaranta, inda Tahira ta cim mata, ta kasa tsayar da ita.

Da Furofesa ya zo ya ga makin gurup ɗin, a gaban su Yo'el ya yi wa Tahira faɗa. Ya ce wanda ba ya bin tsarin da aka yi tare bai dace da aikin haɗin gwiwa ba. Ta ce ba a sanar da ita ba. Shamsu ya buɗe ido kamar mai mamaki.

"Haba Malama Tahira! A nan bakin taga na hwaɗa miki. Wataƙila hankalinki yana wani wuri."

Ta dubi Yo'el, Yo'el ya dubi takalminsa. Shi bai ga an faɗa ba, bai kuma ga ba a faɗa ba. Tahira ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Furofesa. Ba za a sake ba."

Ranar Asabar ta hau mota zuwa Jiratawa. Ta sami Tsahara a fadama, tsakanin layukan zogale, ruwa yana bin kwalbati a gefenta. Ta roƙe ta ta dawo, ta ce za ta tsaya mata har a sake mata jarrabawar.

"Madam, ke kin yi mini komi," in ji Tsahara, ba ta daina tsinkar ganye ba. "Amma ni ba ni sake tsayawa gaban yaran nan. Har a kasuwa wani ya kwaikwayi muryata. Maigida ya ce in zamna, ni ma na ga zaman ya fi."

A hanyar komawa Tahira ba ta ga komai ba sai fuskar Shamsu yana kama ƙugu. Ta yi tunanin kai ƙara wurin diraktan makarantar, ta ga maganarta ce da tasa, kuma an riga an ga wadda aka ɗauka. Ta yi tunanin ta rama a kan ɗalibansa ranar da makinsu ya faɗo hannunta, ta ga su ba su yi mata komai ba. Shi take so, shi kaɗai, kuma a gaban mutane.

Daga wannan makon ta zama wata daban. Ita ke fara gaishe shi, ita ke yaba duk shawarar da ya kawo. Ranar da ta ji yana ƙorafin cewa wani taro a otal ya faɗo daidai lokacin darasinsa, ta ce, "Malam Shamsu, ka tahi abinka, ni sai in riƙe maka su. Ai darasin ɗaya ne."

Ya dube ta da ɗan shakka, sannan ya yi dariya. A ganinsa ta gane matsayinta. Ya tafi. Mako na gaba ma ya tafi. Lokacin bukukuwa ya shigo, ya zama sai dai ya aiko mata saƙo a waya: yau ma ki taimaka. Kafin a jima ya daina ko leƙowa. Taron Litinin kawai yake zuwa, ya karanta tsarin mako da babbar murya, ya hau babur ɗinsa.

Tahira ta koyar da gurup ɗinsa kamar ranta ya dogara a kai. Ta san sunan kowa da unguwarsu. Ta san wanda muryarsa ke rawa da wadda ke gudu da magana kamar ana korar ta. Takan fitar da su tsakar makaranta ta sa su yi jawabi cikin hayaniyar masu kabu-kabu, don su koyi ɗaga murya. Gajiya ta rame ta, amma duk yammacin da ta fito daga ajinsa, sai ta ji wani sanyi a ƙirjinta.

Yo'el ne ya fara ganewa. Wata rana yana ɗaure jakarsa a bayan babur zai koma Tsibiri, ya ce, "Tahira, wanga alherin naki ya yi yawa. Mi kike dafawa?"

"Aiki nike yi, Yo'el. Laifi ne?"

"Na san an cuce ki, kuma na san na yi shiru ranar da ya kamata in yi magana. Amma ki bar wa Allah."

"Na bar wa Allah nawa," ta ce. "Na Tsahara ne ban bari ba."

Ya tayar da babur ya tafi. Bai gaya wa Shamsu komai ba.

Da ƙarshen zango ya kusato, ta sami Shamsu shi kaɗai a biro. Ta ce ta yi wani tunani amma ita ba ta isa ta kai wa Furofesa ba. Me zai hana a yi jarrabawar ƙarshe a gaban jama'a na gaske, a rumfar ƙungiyar manoma ta Jiratawa? Ɗalibai su yi magana da Hausa ko Faransanci, kowa da abin da ya fi iyawa. Kuma kafin kowane ɗalibi ya tashi, malaminsa ya gabatar da shi, ya faɗi yadda ya same shi da yadda ya zama. Idon Shamsu ya yi haske. A ranar ya bugo wa Furofesa, ya kawo shawarar a matsayin tasa. Furofesa ya yi murna, ya ce har dirakta zai gayyato.

"Sai dai fa ɗaliban nawa," in ji Shamsu yana sosa ƙeya, "kin san na ɗan kwana biyu."

"Kada ka damu. Da safen ranar, a cikin mota, sai in nuna maka su ɗaya ɗaya."

Da safen ranar motoci biyu aka ɗauko. Tahira ta tsaya har ta ga Shamsu ya shiga ta gaba kusa da dirakta, sannan ta shige ta baya tare da ɗalibai, ta kashe wayarta. Da suka isa ta wuce kai tsaye cikin mata, ta zauna kusa da Tsahara, wadda ta aika wa cewa lallai ta zo ko ba don komai ba. Shamsu ya riƙa yi mata alama da hannu daga teburin manya. Ta ɗaga masa hannu ita ma, kamar gaisuwa.

Rumfar ta cika. Gurup ɗin Yo'el ya fara, ya gabatar da nasa a natse. Tahira ta gabatar da nata. Sannan aka miƙa wa Shamsu makirufo.

Da farko bakinsa ya ɗauke shi. Ya yabi manoma, ya yabi Furofesa, ya ba da dariya, aka tafa. Sai ɗalibi na farko ya miƙe ya tsaya a gefensa, wani dogo mai suna Abdulrazak, wanda duk makarantar ta san shi da surutu. Shamsu ya dafa kafaɗarsa.

"Wanga saurayi, Zakariya'u, da na same shi ko sunansa ba ya iya hwaɗi don kunya."

Ɗalibai suka fara ƙunshe dariya. Abdulrazak ya kira shi yadda ɗalibai ke kiran malami namiji da Faransanci, ya ce, "Mushe, Abdulrazak ne." Shamsu ya mayar da abin wasa, ya wuce. Ta biyu ta tashi, ya kira ta Zainabu, ya ce ita ce mai gudu da magana. Salima ce, kuma in'ina take fama da ita tun farkon zango. Na uku kuma Shamsu ya ce ɗan Tsibiri ne, yaron kuwa a nan Jiratawa aka haife shi, mahaifinsa yana zaune a layin gaba, ya ce da ƙarfi, "A'a, Malam, wanga nawa ne!" Wannan karon rumfar duka ta ɗauka. Gumi ya jiƙa wuyan babbar rigar Shamsu.

Furofesa bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu aka ba shi makirufo.

"Abdulrazak, zo nan. Wa ke koyar da ku?"

Yaron ya dubi Shamsu, ya dubi ƙasa. "Madam Tahira ce, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan jarrabawar tsakiya. Mushe ba mu sake ganin shi a aji ba."

Shamsu ya buɗe baki, ya ce, "Furofesa, ai, wato, tsari ne, mun, ita ce ta..." Kalmomin suka sarƙe masa. Mutumin da ke cika otal da murya ya tsaya yana haɗiyar miyau a gaban manoma da matansu. Tahira ba ta ɗauke ido daga kansa ba. Ta so ta ga komai, kuma ta gani. Tsahara ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Furofesa ya ce masa ya zauna, ya kira Tahira ta gabatar da sauran. Ta yi, ba ta yi kuskuren suna ko ɗaya ba. Ɗaliban suka yi jawabai masu kyau, Salima ta gama nata ba tare da ta tsaya ba, har wata tsohuwa ta rangaɗa mata guɗa.

A makon aka sauke Shamsu daga tsara aiki aka ba Tahira, dirakta kuma ya ce za a zauna a kan ko za a ci gaba da shi. Wani ɗalibi ya ɗauki abin a waya, ya zagaya gari, masu bukukuwa suka fara tsokanar sa da tambayar ko ya san sunan ango. Furofesa ya ja Tahira gefe ya ce ita ma da laifinta, da ta sanar tun farko. Ta amsa da ladabi, ba ta ji komai ba.

Ranar Juma'a da yamma aka yi sallama a gidansu a Sabon Gari. Shamsu ne da kawunsa, wani dattijo mai suna Maman Lawali. Ta shimfiɗa musu tabarma a zaure, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaida dattijon.

"Ɗiyata," in ji shi, "yaron nan ya yi kuskure. Abin da muke roƙo, ki hwaɗa wa dirakta cewa da yardar juna kuka yi, ke kika nemi riƙe masa ajin. Kalmarki ɗaya za ta tsare masa aikinsa."

"Baba, gaskiya ne ni na nema. In aka tambaye ni zan hwaɗi haka. Zan kuma hwaɗi dalilin da ya sa na nema, tun daga farko. In ya yarda, gobe ma sai mu tahi tare."

Dattijon ya juya ya dubi ɗan ƙanwarsa. "Wane dalili ne wannan, Shamsu?"

Shamsu ya ƙura wa tabarma ido. Tahira ta jira kaɗan, sannan ta nemi izini, ta ce ta bar tukunya a wuta. Daga cikin gida tana jin muryar dattijon yana maimaita tambayar, har suka tashi suka tafi.