Tawul a Ƙarƙashin Tsirkiya

Ƙarfe goma na safe za a rufe akwatin gawar Kuniaki, amma har tara da rabi matarsa Hisae ba ta san abin da za ta sa masa a ciki ba. A al'adarsu, kowa dai da abin da ya so a duniya ake sallamarsa. Shi kuwa bawan Allah abu ɗaya ya so, jitarsa ta lantarki, ga ta can jingine da bango. Sai dai ma'aikacin gidan jana'iza ya rusuna ya ba da haƙuri, ya ce ƙarfe ba ya shiga wutar ƙona gawa.

Hisae ta ce to. Tun shekaranjiya abin da take ta faɗa ke nan. Ba ta yi kuka ba. Shayin da aka miƙo mata ma ba ta san ko da zafi ko babu ba.

Makaɗa kuwa, ko a gaban gawa ba sa rasa gardama. Ga Genzo, abokin marigayin tun suna samari. Ga Mitsuru ƙanen marigayin, ya haura sittin amma ɗan gashin da ya rage masa har kafaɗa.

Genzo ya ce, "Hoton ƙungiyarmu ta farko za a sa. Shi ɗan zamanin kiɗan teke-teke ne. Tsirkiya ɗaya za ka kama, ka gangaro da ita kamar ruwan sama a kan kwano. Duk wanda ya ɗauki jita a garin Kokura, a hannunmu ya gani."

"Haba tsoho, wannan ai kaza ce ke tsattsagar shinkafa," in ji Mitsuru. "Yaya ya bar teke-teke tun ban yi gemu ba. A zamaninmu ya gane jita tana kuka. Namu hoton za a sa."

"Ku da kuke gudu da yatsu kamar jirgi zai tashi ya bar ku? Sauti ɗari a numfashi ɗaya, babu ko guda da mutum zai tafi da shi gida."

"Yaran yanzu masu sunkuyar da kai suna cika ɗaki da ƙara, wa suka gada? Mu."

"Ai shi ya sa suka lalace, yaro."

Sai suka juyo gare ta. Genzo ya sassauta murya. "Hisae, ke za ki raba mu. Wane kiɗa ne nasa?"

Ta dube su kamar daga bayan gilashi. Rabonta da jin ko ɗaya daga cikin kiɗan biyu shekara goma sha biyu. Tun da suka koma hawa na huɗu na wani bene, inda tarin maƙwabci ma ana jinsa ta bango, Kuniaki bai ƙara jona jitar da lasifika ba. Kullum da safe in ya sha miya ya ci shinkafarsa, sai ya naɗe ɗan siririn tawul ɗinsa na zuwa gidan wanka, ya cusa a ƙarƙashin tsirkiyoyin don ya kashe amonsu. Ita tana wanke-wanke, shi yana kaɗawa, tik, tik-tik, a bushe.

Ta je ta durƙusa gaban jitar, ta zare tawul ɗin. Tsirkiyoyi shida suka yi amo siriri. A jikin tawul ɗin ga layin tsatsa shida a jere.

"Wannan yana ƙonewa?" ta tambayi ma'aikacin.

"Auduga ce, ranki ya daɗe. Yana ƙonewa."

Ta sa shi a hannun hagun mijinta, ta lanƙwasa yatsun iyakar yadda suka yarda.

Mitsuru ya ce, "Yaya Hisae, wannan kuma na wane zamani ne?"

"Na ƙarshe," ta ce. "Ba ku ji shi ba. Daga kicin ake ji."

Aka rufe akwatin, goma daidai. Mitsuru ya ɗauki jitar za su fita, ta bugi ƙofa, ta yi ƙara. Hisae ta ɗora tafin hannunta a kan tsirkiyoyin.

"A hankali," ta ce. "Maƙwabta."