Safar Hannun Deshun Mabry

Lavelle Pruitt ya ga abin tun a makon farko na sansanin atisaye, a ɗakin kallon bidiyo, bayan sauran 'yan wasa sun tafi cin abincin rana. Ya saba zama shi kaɗai gaban allo. Ya haura shekara goma yana cafe ƙwallo a wasan ƙwallon Amurka, ya sa rigunan ƙungiyoyi da yawa, kuma ƙafa ta fara yi masa gardama. Abin da ya rage masa ido ne.

Sabon yaron nan yake kallo, Deshun Mabry, wanda aka ɗauko daga wata ƙaramar jami'a a Alabama. Gudu kamar barewa, hannu kamar an shafa masa danƙo. Amma duk sanda aka tsara cewa shi za a jefa wa ƙwallo, kafin ya tsaya a layi sai ya ɓalle maɗaurin safar hannunsa ta hagu ya sake manne shi. In wasan na wani ne, ko kallon hannun ba ya yi. Lavelle ya mayar da bidiyon baya, ya sake mayarwa. Bai taɓa kuskurewa ba. Yaron yana sanar da duniya inda ƙwallo za ta, shi kuwa bai sani ba.

Duk mai tsaron bayan da ya gane wannan ya samu abinci. Ko ya riga yaron zuwa ƙwallon, ko ya bari sai ya miƙa hannu sama, haƙarƙari a buɗe, sannan ya zo masa da kafaɗa.

Lavelle ya kashe allon ya zauna cikin duhu.

Masu cafe ƙwallo shida ƙungiya za ta riƙe idan sansani ya tashi. Biyar sun riga sun san kansu. Kujera ɗaya ta rage, kuma har mai wankin riguna ya san tsakanin su waye take. Da yake al'ada ce a haɗa tsohon hannu da sabo ɗaki ɗaya don ya koya masa hanya, su biyun, Lavelle da Deshun, aka haɗa.

Bayan atisaye Deshun ne ke ɗaukar masa hular kwano da sulken kafaɗa, kamar yadda kowane sabo ke yi wa na gabansa.

"Kawu, hular nan taka ai tukunya ce," in ji Deshun wata ranar, yana jujjuya ta. "Da ita ka buga wasa a talabijin baƙi-da-fari?"

"Ɗauka ka yi shiru. Lokacin da na fara cin ƙwallo kana tsotsar yatsa."

"To ai shi ne. Ka huta haka nan, ka bar wa jikoki."

"In ka iya ƙwace ta, taka ce."

Yaron ya yi dariya, ya goge zufa da bayan hannun hagu. Lavelle ya kau da kai.

Ba ya ƙin yaron, kuma wannan ne ya fi damunsa. Deshun yana yi masa tambaya kamar ɗan makaranta: yaya ake karya kwana ba tare da rage gudu ba, ina ake kallo a jikin mai tsaro. Lavelle yana amsa duka, bai taɓa rage masa komai ba. Abu ɗayan nan ne kawai yaron bai tambaya ba, don bai san akwai shi ba.

Ya yi ta shari'a da kansa. Akwai koci da ake biya don ya ga irin wannan, in bai gani ba laifin wa? Shi bai yi ƙarya ba, bai sa wa kowa ƙafa ba. Sai wata zuciyar ta tambaye shi ko mutumin da ya ga rami a hanya ya koma gefe ya zauna bai yi komai ba ke nan. Sai ta farkon ta tuna masa abin da ke jiransa in an sallame shi. Matarsa ta gaji da tashi daga gari zuwa gari, ta daɗe da tafiya. Kayansa duka suna shiga bayan mota. Babu sauran ƙungiyar da za ta kira mai shekarunsa. Akwai ɗaki a gidan mahaifiyarsa a Mississippi, da soyayyar tarwaɗa ranar Juma'a, da mutanen coci da za su riƙa ce masa ai sun gan shi a talabijin wata shekara.

Kullum sai ya ce gobe zai gaya wa yaron. A wurin cin abinci ya koma teburin ƙarshe kusa da taga, ya sa abin jin waƙa a kunne, ba tare da ya kunna komai ba.

Wasannin gwaji na farko suka wuce ba wanda ya lura. Deshun ya yi ta cafe ƙwallo, 'yan jarida suka fara koyon rubuta sunansa. Lavelle ya cafe 'yan nasa gajeru, irin waɗanda ba a tafa musu.

Sai wasan gwaji na ƙarshe, wanda daga shi sai yanke hukunci. Ana motsa jiki a fili da yamma, wani daga ɗaya ƙungiyar ya tako har tsakiya. Cedric Odom ne, mai tsaron baya, sun taɓa zama ƙungiya ɗaya da Lavelle. Shi ma mayen bidiyo ne, shi ma kuma yana neman kujera.

"Pruitt, ashe kana raye? Na ɗauka an kai ka gidan tarihi."

"Suna jiran ka riga ni."

Odom ya yi dariya, ya nuna Deshun da haɓa. "Ɗan telan nan naku mai gyaran safa. Ɗan ɗakinka ne, ko? Ka ce ya yi sallama da haƙarƙarinsa." Ya ɓalle maɗaurin tasa safar ya manne, ya kashe ido ɗaya, ya juya.

Lavelle ya san mutumin. Ba ya cika baki a banza.

A lungun fita fili, ana jiran a kira ƙungiya, kiɗa na girgiza bango, Lavelle ya kama Deshun a kafaɗa ya ja shi gefe.

"Saurara, yaro. Duk sanda ƙwallo taka ce, kana gyara safar hagu. Sun gani. Odom yana jiranka."

Deshun ya kalli hannunsa kamar yau aka ba shi aronsa. "Ni? Ina yi?"

"Kowane lokaci."

"To yaya zan yi, Kawu?"

"Ka daina."

Aka busa usur, suka fita da gudu.

Babu mai cafe ƙwallon da bai san wannan ba: ba a sa wa mutum tunanin hannunsa gab da wasa. Hannu yana aiki ne idan mai shi ya manta da shi. A wasan farko da aka tsara masa, Lavelle yana gefen fili ya ga hannun damar Deshun ya tafi wajen maɗaurin, ya tsaya a iska, ya dawo. Yaron ya makara da fita. Ƙwallo ta same shi a ƙirji ta faɗi. Ta biyu ta ratsa tsakanin yatsunsa kamar ruwa. Ta uku ta doki tafinsa ta tashi sama, ta sauka a hannun Odom, wanda bai ko taɓa shi ba. Daga nan Koci Rusk, mai kula da masu cafe ƙwallo, ya kira Deshun waje ya tura Lavelle.

Lavelle ya yi abin da ya saba. Ya je inda aka ce, a lokacin da aka ce, ya cafe abin da aka jefo. Aka buge shi, ya tashi.

Yana tsaye a ƙarƙashin ruwan wanka bayan wasa maganar ta zo masa. Ai ba "ka daina" ne maganin ba. Maganin shi ne yaron ya riƙa gyara safar a kowane wasa, nasa da wanda ba nasa ba, sai alamar ta mutu, hannu kuma ya ci gaba da abin da ya saba. Duk tsohon hannu ya san haka. Shi kansa ya taɓa gaya wa wani haka a wata ƙungiyar. Ya tsaya ruwa na dukan ƙeyarsa, yana neman sanin ko a lungun nan mantawa ya yi, ko kuwa bakinsa ne ya zaɓa masa. Ya duba, ya sake dubawa, bai samu amsa ba. Haƙarƙarin yaron dai lafiya lau. Wannan gaskiya ne. Ɗayan ma, cewa maganarsa ce ta rikita yaron, gaskiya ne.

Washegari da safe Koci Rusk ya kira shi ofis.

"Kai ne," ya ce, bai ɗago daga kofinsa ba. "Ba wai ka burge ni ba, Pruitt. Ba ka yar da ƙwallo, shi ke nan."

"Yaron fa?"

"Wanda ya rikice a wasan gwaji, me zai yi in wasan gaske ya zo? Je ka huta."

Ya tarar da Deshun ya gama haɗa jaka, yana zaune a bakin katifar da aka yaye wa zanin gado.

"Kawu, ka rage min hanya zuwa filin jirgi? Ba na son shiga motar ƙungiya da sauran korarru."

Suka kama hanya. Gonakin masara suna wucewa ta gilashi. Deshun yana ta lanƙwasa tikitinsa yana warwarewa.

"Wakilina ya ce wataƙila Kanada," ya ce daga baya. "Wai akwai sanyi."

"Akwai. Ka sayi riga mai kauri." Lavelle ya gyara riƙon sitiyari. "In ka je, kar ka daina gyara safar. Ka riƙa yi kowane wasa. Ba mai gane komai."

Deshun ya juyo ya dube shi, sannan ya yi 'yar dariya ta hanci. "Kai. Haka kawai?"

"Haka kawai."

"Da jiya ka faɗa."

"Da jiya na faɗa."

Yaron ya girgiza kai, bai ɗauke ta da zafi ba. "Ba komai. Koci guda nawa suka kalle ni, ba wanda ya gaya min sai kai. Da ba don kai ba da yanzu ina asibiti ana ba ni abinci a baki."

Suka iso. Lavelle ya tsaya a wurin sauke fasinja, bai kashe motar ba. Deshun ya ciro jakarsa daga baya, ya zagayo ya leƙo ta taga.

"Wai yaushe ka fara gani?"

Wani ma'aikaci yana ɗaga musu hannu su ba da wuri. Lavelle ya kalli mutumin.

"Odom ne ya nuna min. Jiya."

"Na sani," in ji Deshun. "Na san da ka gani da wuri da ka gaya min." Ya miƙo hannu ta taga suka gaisa, ya riƙe na Lavelle ya ɗan jima. "Ka ci musu ƙwallo, Kawu. Zan riƙa kallo."

Ya shige cikin jama'a. Lavelle ya ja motar ya hau titi. An ce 'yan wasa su hallara da azahar don hoton ƙungiya, kuma yana da sauran lokaci mai yawa. Ya wuce kwanar komawa sansani da gangan, ya ci gaba da tafiya a layin masu tafiya a hankali, motoci suna ta wuce shi.