Awa Biyu a Wurin da Ba Komai

Shekara guda da wata uku ina jiran awa biyu. Awa biyu rak a kan babbar na'urar da ke sauraron sama da igiyar rediyo, yau ƙarfe uku na rana. Da su zan kammala digirina, in ba haka ba in tattara komatsaina.

Wani ɗigo ne na sararin sama na tsinta a tsohon kundin abubuwan da aka gano da rediyo, mai bango duk ya yage. Na kwafe lambobin mazauninsa da hannu, na neme shi a kundin taurarin da ake gani da haskensu, babu. A kundin waɗanda ake ganowa da zafinsu, babu. Na ce shi ke nan, na samo abin da ba wanda ya sani.

Biyu da rabi Dogo, abokin zamana a ofis, ya ɗauki tsohon kundin zai ɗora kofin shayinsa. Mutumin nan bai iya ganin rubutu bai karanta ba.

"Hajiya, kin dai juya lambobin nan zuwa sabon lissafi ko? Lissafin shekarar 1950 ne fa."

Ban juya ba. Duk sauran kundayen da lissafin 2000 suke, kuma tazarar da ke tsakani ta fi faɗin farin wata a sama. Ni da nake koya wa 'yan aji ɗaya wannan! Ashe duk neman da na yi, a gidan da ba nasa ba nake ta sallama. Kuma lambobin nan na aika a saita na'urar da su.

Na kira mai kula da na'urar.

"Don Allah, Malam, lamba shida kawai za ka canja."

"An rufe jadawali tun jiya, Malama."

"Na roƙe ka don girman iyayenka. Rayuwata ce."

"Wallahi ko ni ba ni da ikon buɗewa. Ki sake nema baɗi."

Baɗi! Wa'adina wata huɗu ya rage. Na kira shugabansa, waya a kashe. Na zauna na yi kuka sosai, Dogo ya rasa inda zai sa kansa.

Uku daidai na'urar ta juya ta fuskanci inda na aike ta. Layi ya fara tafiya a allon kwamfuta, miƙe sak, alamar ba komai a wurin.

Sai ga Farfesa, mai duba aikina, wanda ya sa hannu aka ba ni lokacin. Ya ja kujera kusa da ni yana murmushi, ya goge tabarau.

"To, 'yata, nuna mini abin namu."