Inabin Inna Abu

"Lanƙwasa shi sannu, Hadijatu, ba kunnen ɗanki na ba," in ji Inna Abu, tana dafe da katangar da ta raba gidajensu a Gwandu.

Hadijatu ta kwantar da reshen inabin da ya tsallako katangar a rami, ta rufe tsakiyarsa da ƙasa, ta bar kansa waje. Abin dariya, wannan reshen ne ta shekara tana datsewa da masifa, wai ganyensa na cika mata randa. Yanzu kuwa gidan tsohuwar za a rushe a yi shaguna, ɗanta Basharu zai tafi da ita Kalgo jinya. Inabin nan da hannun marigayi mijinta aka dasa shi, kuma duk duniya ba ta da wurin ajiye shi sai tsakar gidan abokiyar faɗanta.

Sharaɗi ɗaya ta kafa: kada a tona don a duba, saiwar jaririya ce, taɓawa kaɗan ta karye.

Daga Kalgo kullum sai ta sa an kira waya. Ba ta tambayar maigida, ba ta tambayar yara, sai reshe. Hadijatu ta ce mata ganye dai kore shar. Tsohuwar ta ce wannan ba hujja ba ce, nonon uwarsa yake sha.

Ranar da Basharu ya ce jiki ya tsananta, Hadijatu ta hau mota ta tafi. Ta tarar da ita ta ƙanƙance a kan katifa, sai idanu. Tausayi ya kama ta.

"Ya yi saiwa?"

"Ya yi, Inna. Ya kama."

Tsohuwar ta kalle ta. "Ke dai ba ki iya ƙarya ba. Amma Allah shi yi miki albarka."

Kafin la'asar ta cika.

Bayan addu'ar uku magina suka zo, suka sare uwar inabin tun daga tushe. Hadijatu na jin saukar gatarin daga ɗakinta. Da suka tashi ta fito, ta durƙusa, ta sa yatsa ta tona ramin a hankali.

Ga su nan, farare, sirara kamar zaren ɗinki, sun riƙe ƙasa gam.

Ta ɗaga kai wajen katangar, ta buɗe baki za ta kira Inna. Can sai ta mayar da ƙasar, ta jawo buta.