Ɗigon da ke kan kafaɗa

Mutari, kai ka cuce ni, kuma da saninka ka yi. Kada ka sake ce mini wasan jika da kaka ne. Ni ban haifi uwarka ba.

Ni Sabuwa, abinci nake dafa wa ma'aikatan wani kamfanin jigilar kaya a Al Khabaisi, nan ƙasar Larabawa, kamfanin wata 'yar China da kowa ke ce wa Madam. Ita ta yi mini biza, a hannunta zamana yake a ƙasar nan. Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa da rubutun Bature ba. Amma tun ina yarinya a Kano nake zanen lalle, abin da idona ya gani hannuna zai fitar da shi.

Kulolin abincin duk iri ɗaya ne, kullum sai an yi musaya. Madam ba ta cin yaji, rannan kular wani ta faɗa hannunta, ta yi ta tari har da hawaye. Sai na ce bari in sa wa tata alama da rubutunsu na China, ta ji daɗi. Na zo wurinka, kai da ke duba kwalaye kana taƙama ka iya yarensu.

"Kaka, ai mai sauƙi ne," ka ce. "Zana mutum ya ware hannu da ƙafa. Wannan shi ne babba. Sai ki ɗiga masa ɗigo, ki yi shi sau biyu. Uwargida ke nan."

"A ina zan sa ɗigon?"

Ka dubi abokanka, ka danne dariya. "A kafaɗa, Kaka. Ta dama."

Na yi ta koyo a ɗakinmu na Hor Al Anz, a bayan kwali, har matan da muke kwana tare suka fara tsokanata wai na shiga makarantar China da furfura. Da hannuna ya faɗa, na zana shi a murfin kular da baƙin fenti, ya fito fes.

Na kai mata da kaina. Ta dubi murfin, ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Waya ta ɗauko ta ɗauki hoton murfin, ta ture kular gefe, ta ce, "Khalas, shi ke nan, je ki."

Na ɗauko kular na fito, a bakin ƙofa na ci karo da Aziza, 'yar Nijar ɗin nan mai yi wa Madam tafinta. Ta leƙa murfin, ta dafe ƙirji.

"Inna, wa ya koya miki wannan?"

"Mutari. Uwargida na rubuta."

"Uwargida a ƙasa ɗigonta yake, tsakanin ƙafafu. In ya hau kafaɗa, kare ne. Inna, kare kika ce mata, har sau biyu."

Na zauna a kan kwali. Kowa ya san zagi ba abin wasa ba ne a garin nan, har gaban hukuma ana zuwa a kansa. Ga hoto a wayar Madam, ga zanen hannuna. Bizata kuma ta kusa ƙarewa, sai ta sa hannu za a sabunta.

Tun ranar ba ta sake cin abincina ba, daga waje ake kawo mata. In waya ta yi ƙara a ofis sai in ce hukuma ce ke nemana. In mota ta tsaya a ƙofar kicin sai in ajiye ludayi in saurara. Aziza ta yi mata bayani, abin da Madam ta ce kawai shi ne, wanda ya koya mini ya zo ya faɗa da bakinsa.

Kai kuwa da na tare ka sai ka ce, "Haba Kaka, ɗigo ɗaya ne fa." Eh, ɗaya ne. Shi zai mayar da ni gida hannu rabbana, ga marayun ɗana da nake ciyarwa daga nan.

Gobe da safe ina bakin ofishin Madam da kular a hannuna. Ka zo ka tsaya gabanta, ka nuna mata da yatsanka inda ka ce in sa ɗigon. In ba ka zo ba, zan shiga ɗakin ajiya in jawo ka da wuyan riga a gaban abokan dariyar taka. Ka zo ka amsa, Mutari.