Ƙari a Hantar Fauziyya

Shekara goma sha ɗaya Fauziyya ta yi a gidan Malam Abdulfatah a unguwar Sabo, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. To da cikinta ya fara tasowa, wa zai tsaya bincike? Ai ba a yi wa mace irin wannan tambaya, ita ma ba ta buɗe baki ta faɗa. Matan da ke zuwa sayen awararta sai su kalla, su yi murmushi, su ce, "Sannu da fama." Inna Fatsuma kuwa, uwar mijin, ko bokitin ruwa ta hana ta ɗauka.

Da nauyin ya ishe ta, Malam ya kai ta asibiti aka yi hoto. Likita ya ce ba juna biyu ba ne, ƙari ne a hanta, jijiyoyin jini suka cure wuri guda. Ba cutar kansa ba ce, amma ya yi girman da yanka shi akwai haɗari. Ya ce a Indiya akwai na'ura mai harba wani haske, proton suke ce masa, yana tsayawa a kan ƙarin bai cika taɓa sauran hantar ba, sannu a hankali abin ya motse.

A cikin keke napep, hanyar gida, Malam ya ce, "Bari in sanar da Inna."

"Don Allah Malam, ba yau ba."

Ba yau ba ɗin nan sai da ta ci sati shida. Kuma a faɗi gaskiya, daɗin abin take ji. Tunda aka kawo ta gidan ba a taɓa riritata haka ba. Inna ta turo mata dafaffen ƙwai, ta karɓa ta ci, ta koma ɗaki kunya kamar ta kashe ta.

Biza ta fito, tafiya ranar Alhamis. Ranar Litinin da hantsi sai ga Inna daga kasuwar Bodija niƙi-niƙi da kaya: gero, kanwa, kayan yaji, da sabon zanen goyo. Ta baje su a tabarma tana haki.

"Na ji maigidan naki yana zancen tafiya. In goyon ciki za ki gida Kano, ba za a ce surukarki ta sake ki hannu rabbana ba."

Innalillahi! Fauziyya ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Inna, ki yafe mini. Babu komai a cikin nan sai ciwo. Asibiti za mu, Indiya. Na sani tun kafin azumi, na ƙi bari a gaya miki."

Inna ta tsura wa cikin ido. Tsawa Fauziyya take jira, ko a ce ta tashi ta ba mutane wuri.

"Na kisa ne?" in ji Inna.

"Likita ya ce a'a."

"Yana miki zafi?"

"Wani lokaci ko kwanciya ba na iyawa."

Tsohuwar ta dafe kai. Da ta ɗago, idonta ya kaɗa, ta kasa haɗa shi da na surukarta.

"Wata huɗu ina bin ki da kallo ina murna, ban taɓa ce miki ya jiki ba. Kai, ni Fatsuma!" Ta matso da gwiwa. "Kama hannuna, 'yar nan, ki nuna mini wurin."